Ina Ya Kamata Mai Keke Ya Riƙe?

'Yan'uwana ɗalibai, a kan yi gardama a kan keken tsere, watau mai kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Wuraren riƙonsa uku ne: tsakiya, da bisa burki, da can ƙasa.

Ni a ganina, mai zuwa makaranta a nan Suleja ya riƙe bisa burki. Dalili kuwa, kansa yana ɗage, yana hangen gaba, yatsunsa kuma suna kan burki. Wanda ya taɓa bin hanyar Madalla da safe, tsakanin manyan motoci da 'yan acaba, ya sani ba a ba mutum damar laluben burki.

Riƙon tsakiya da daɗi wajen hawan tudu, amma hannu ya yi wa burki nisa. Riƙon ƙasa lalle yana rage dukan iska, sai dai ya kan gajiyar da wuya, ido ya koma kan kwalta. A bar shi sai an fita gari.

Masu cewa hannu ya kan sage wuri guda sun yi gaskiya. To, a sauya in hanya ta yi sarari.

Mu tuna, yadda malam ya riƙe, haka almajiransa za su riƙe. Sauri ya haifi nawa.