Wa Zai Shayar Da Bishiyar Bayan Gwamna Ya Tafi?

Duk wanda ya san birnin Kano zai iya lissafa unguwannin da itatuwa suka raɗa wa suna: Ɗorayi, Kurna, Giginyu, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, Kuka Bulukiya, Ceɗiyar 'Yan Gurasa. A Kaduna ga Kawo, ga Unguwar Rimi, ga Kurmin Mashi. Ita kanta Kasuwar Kurmi, wadda tarihi ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta a ƙarni na 15, ta gaji sunanta ne daga kurmin da ke bakin Jakara. Sunayen suna nan daram a bakin direbobi da kan takardun haya, amma mai karatu ya daure ya je Giginyu yau ya ƙirga mini giginya nawa zai tarar, ko kuma ya nemo ɗorawar da zai fake a gindinta a Ɗorayi idan ranar Afrilu ta take, zafi ya haura digiri 40.

Ba wai an daina dashe ba. Kowace damina sai an yi bikin dashen itatuwa, a kafa rumfuna, a ɗauko makaɗa, mai girma gwamna ya naɗe hannun babbar rigarsa ya saka tsiro a ramin da wani ya haƙa tun jiya, a miƙa masa butar ban-ruwa sabuwa fil, a ɗauki hoto, a watse. Daga nan kuma sai akuya ta karɓi aiki. Abin da akuya ta rage, rani ya ƙarasa. Badi a dawo, wani lokaci ma a wannan filin dai, a sake bikin da sabon kasafin kuɗi. Na sha jin adadin tsiron da aka dasa ana shelarsa a rediyo, amma ban taɓa jin wani kwamishina ya fito a watan Maris ya faɗi nawa suka rayu ba.

Abin da nake son jawo hankalinmu a kai shi ne ragowar itatuwan da har yanzu ke tsaye a cikin garuruwanmu, wato ɗan gandun darbejiya da ke bayan makarantar firamare, da tsohon wurin renon tsiro na ma'aikatar gandun daji da aka yi watsi da shi, da jerin maɗacin da Turawa suka bari a tsohuwar unguwar ma'aikata, da kurmin gefen rafi ko na bakin maƙabarta. Waɗannan sun riga sun ci shekara 40 ko 60 suna girma, ba sa neman kwangilar kowa. Abin da suka rasa kawai shi ne mai cewa “nawa ne”. A ra'ayina kuwa, mazauna unguwa su ne kaɗai za su iya faɗin wannan kalma ta yi tasiri, muddin hukuma ta yarda ta ba su takarda a hannu.

Akwai misalin da ya kamata kowane ɗan boko a Arewa ya sani, shi ne dajin Karura da ke arewacin Nairobi, babban birnin Kenya. Girmansa ya ɗan haura hekta 1,000, wato ya fi duk abin da muke magana a kai nesa ba kusa ba, amma ciwon iri ɗaya ne. Tun 1932 aka keɓe shi a matsayin gandun daji, sai dai keɓewar ba ta hana komai ba lokacin da masu iko suka yi kwaɗayinsa. A shekarun 1990, zamanin Shugaba Daniel arap Moi, aka riƙa yanka shi a ɓoye ana raba wa kamfanonin gine-gine na 'yan lele. Farfesa Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar mata masu dashen itatuwa tun 1977, ita ce ta tsaya kai da fata. A ranar 8 ga Janairun 1999 ta je bakin dajin da magoya bayanta da 'yan tsirrai a hannu, masu gadin da aka ɗauko haya suka far musu da duka, aka fasa mata kai. Ɗaliban jami'a suka fito kan titi, duniya ta yi ca, kafin ƙarshen shekarar gwamnati ta ja da baya. A 2004 aka ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Yawancin masu ba da labarin a nan suke tsayawa, domin a nan ne jarumtaka take. Ni kuwa abin da ya biyo baya ne ya fi ɗaukar hankalina. An ceto dajin daga masu gini, amma ya ci gaba da zama wurin da mai hankali ba ya shiga: maɓoyar 'yan fashi, wurin da ake tsintar gawa. Shekara 10 cur yana haka. Abin da ya sauya al'amarin doka ce, wadda Kenya ta yi a 2005, da ta ba mazauna kewayen daji damar kafa ƙungiya su yi rajista, su ƙulla yarjejeniyar kula da shi tare da hukumar gandun daji. A 2009 maƙwabtan Karura suka kafa tasu, wadda suka kira Abokan Dajin Karura. Suka nemi gudummawa suka kewaye shi da shingen lantarki mai tsawon kusan kilomita 15, suka share hanyoyin ƙafa, suka soma cire turaren da Turawa suka dasa suna mayar da itatuwan ƙasar na asali. Suka kuma yi wata dabara da ta fi shingen amfani. Dajin yana maƙwabtaka da unguwannin masu hannu da shuni irin su Muthaiga da Gigiri, inda ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya suke, yana kuma maƙwabtaka da unguwannin talakawa masu rufin kwano irin su Huruma. Daga cikin waɗannan talakawa aka ɗauki masu sintiri da masu renon tsiro da masu share hanya, ana biyansu daga kuɗin shiga. Wanda jiya yake kallon dajin a matsayin wurin satar itace, yau daga nan albashinsa ke fitowa, shi ne kuma zai fara kai rahoton wanda ya shigo da gatari.

Ba na son a ɗauka komai ya tafi sumul. A watan Agustan 2025 hukumar gandun dajin ƙasar ta mayar da karɓar kuɗin shiga zuwa tsarin biyan kuɗi na gwamnati ta intanet, ƙungiyar kuma ta fito fili ta yi kukan cewa an yi hakan ba da shawararta ba. Wannan hali mun san shi sarai a nan gida: muddin wuri kufai ne babu mai leƙa shi, ranar da ya soma kawo kuɗi kuwa sai iyayensa su yi yawa. Amma ko a wannan rigima, abin da ya ba ƙungiyar bakin magana shi ne akwai yarjejeniya a rubuce da za ta ɗaga ta nuna.

Sai mu waiwayo kusa, mu dubi Yamai. Tun 1965 gwamnatin Nijar ta soma dasa wani ɗamarar itatuwa a gefen birnin, akasari darbejiya, wadda su can suke kira bedi ko dogon yaro, da nufin ta kai hekta 2,500 ta tare ƙura da iska. Aiki ne na hangen nesa, kuma itatuwan sun kama. To amma dajin na gwamnati ne ita kaɗai, maƙwabtansa 'yan kallo ne. Da birni ya tumbatsa sai aka riƙa gutsurarsa, nan a yanka filaye, can a kafa bukkoki, can a mayar juji. A ƙasar guda kuma, a karkarar Maraɗi da Damagaram, manoma sun rayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a gonakinsu tun daga shekarun 1980, ba tare da dasa ko ɗaya ba, ta hanyar barin tohon kututture ya girma suna yi masa sassabe. Masu binciken da suka bi diddigin al'amarin sun nuna cewa babban abin da ya sauya shi ne manomi ya samu tabbacin gawon da ya rena nasa ne, malamin daji ba zai zo ya ci shi tara a kansa ba. Ƙasa ɗaya, ruwan sama kusan ɗaya, amma sakamako ya sha bamban saboda an bambanta wajen mai abu.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. A Arewar yau kalmar daji ba ta da daɗin ji. Sambisa, Rugu, Kamuku, duk gandun daji ne na hukuma kafin su zama abin da suka zama. A cikin gari ma, uba yana da hujja idan ya ce ya fi son a sare duhuwar bayan gidansa da a bar ta ta zama majalisar 'yan daba da masu shaye-shaye. Sai dai a lura, waɗancan dazuzzuka ba yawan itatuwa ne ya lalata su ba, barinsu aka yi babu kowa, ma'aikatan da ke sintiri suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. Kurmin da tsofaffi ke tattaki a cikinsa bayan sallar Asuba saboda hawan jini, ɗalibai na karatun jarrabawa a inuwarsa da hantsi, mata na ratsawa zuwa kasuwa, ɗan daba ba ya sakewa a wurin. Idan kuwa aka sare aka bar fili fetal, ba a kori kowa ba, an dai ƙara wa unguwa zafi, sannan an share wa dillalin filaye hanya.

Akwai kuma mai cewa wannan duk shagalin 'yan boko ne, talaka na neman itacen girki da ɗakin kwana ana yi masa zancen tsuntsaye. Gaskiya ne a wani ɓangare, shi ya sa ma ban goyi bayan a kwafo tsarin Karura kai tsaye ba. Shingen lantarki da kuɗin shiga ba za su yi ba a unguwar da magidanci ke lissafin kuɗin koko. Kurmin unguwa dole ya kasance a buɗe, kuma dole ya riƙa biyan maƙwabtansa wani abu da za su gani da ido: rassan da aka sassabe a raba wa gidajen da ke kewaye, a bar mai zuma ya rataya amyarsa, a bar matasa su reni tsiron mangwaro da zogale su sayar, a ba masu unguwa da limamai kujera a kwamitin. Mu da muka gaji aikin gayya, muke haɗuwa mu yashe kwata kafin damina, mu gyara katangar maƙabarta ba tare da jiran ƙaramar hukuma ba, ba sai an koya mana aikin sa kai daga waje ba. Inda muke da rauni shi ne takarda. Muna yin aikin da zuciya ɗaya, mu bar shi a baki, ranar da wani ya zo da takardar mallaka mai hatimi sai mu koma muna Allah ya isa.

A nan ne nake ganin alhakin ya rataya a wuyan masu karanta wannan shafi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana, ma'ana da sa hannu ɗaya zai iya mayar da gandun itatuwa rukunin shaguna, da sa hannu ɗaya kuma zai iya keɓe shi. Dattijon unguwa ba shi da hanyar isa teburin da ake wannan sa hannu, amma lauyan da ke layinsu yana da ita. A kusan kowace unguwa akwai safiyo da zai iya auna wurin ya fitar da taswira a yini guda, akwai lauya da zai yi wa ƙungiya rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, akwai tsohon babban sakatare da ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a ma'aikatar ƙasa, akwai akanta da zai riƙe littafin kuɗi yadda ba za a yi zargin juna ba, domin zargin cin kuɗi ya kashe ƙungiyoyin unguwa fiye da yadda gwamnati ta kashe. Da yawanmu mun gwammace mu ƙara na'urar sanyaya ɗaki, mu ƙara tsawon katanga, mu yi ta ƙorafin zafi a ofis. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana kuma, da ya sayi ɗan kurmin nan ya yi waƙafinsa ga unguwa, da ya yi abin da zai daɗe ana mora.

Ga majalisun dokokin jihohinmu kuwa, buƙatar ba ta da tsada. A yi doka irin ta Kenya ta 2005, daidai da yanayinmu, wadda za ta amince da ƙungiyar unguwa mai rajista a matsayin mai kula da gandun itatuwan da ke cikinta, ta fayyace abin da za su iya ɗiba da abin da ba za su taɓa ba, ta kuma wajabta cewa ba za a sauya wa irin wannan wuri manufa ba sai an sanar a jarida an saurari mazauna. Sannan a cire ko da kashi ɗaya cikin goma na kuɗin bikin dashe a ba waɗannan ƙungiyoyi, a kan sharaɗin za a biya ne bisa yawan itatuwan da aka tarar da rai a ƙarshen rani.

Tsiron da aka dasa a Yuli yana buƙatar kariya daga dabbobi tun daga ranar farko, yana kuma buƙatar ruwa daga Nuwamba har zuwa Mayu, aƙalla rani biyu a jere, kafin saiwarsa ta kai inda za ta ciyar da kanta. Ma'aikacin da ke zaune a sakatariya, babu mota babu mai, ba zai yi wannan zirga-zirga ba ko da yana so. Wanda ƙofar gidansa ke kallon wurin, jarka biyu da yamma sun ishe shi.