“Kayan da ya fita ba ya dawowa”: wa ya kafa wannan doka?

Yau kam sai na faɗi abin da ke cina.

Ƙanwata ta yi wata biyar tana zuba adashi, ta haɗa jika 65, ta sayi salula sabuwa cikin kwalinta. Kwana uku tsakani salula ta fara mutuwa da kanta, in an sa ta sharji sai ta ɗau zafi. Muka koma shagon. Mai shago ko karɓarta bai yi ba, sai ya nuna mana rubutun da ke ƙasan faktir, ya ce: “Malam, ai ka iya karatu. Kayan da ya fita ba ya dawowa.”

To ni ina tambaya, wa ya ba shi wannan iko? Rubutun da mutum ya kai aka buga masa a ƙasan takarda bai fi dokar ƙasa ba. Nijar na da dokar kare haƙƙin masu saye tun 2015. Kuma ƙa'ida ce tsohuwa a dokar ciniki: in kaya na da aibin ɓoye tun kafin a sayar, mai sayarwa ke da alhaki, ko ya sani ko bai sani ba. Malamanmu na Malikiyya ma haka suke karantarwa: wanda ya ga aibin da ba a gaya masa ba, zaɓi nasa ne, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. To da wace hujja za a kore mu?

Na san abin da ƴan kasuwa za su ce. Wasu na yar da salula ƙasa, ko ta faɗa ruwa, su zo suna rantsuwa. Gaskiya ne, akwai su. Amma ai ana iya bincikawa. Salula da yawa na da ɗan farin tambari a ciki wanda ke komawa ja in ruwa ya taɓa shi, faɗuwa kuma tana barin tabo. A kai ta wajen mai gyara a gaban kowa. In laifinmu ne mu haƙura. In daga kamfani ta zo haka, kai da ka san inda ka saro ta, kai za ka bi dilanka. Ka ci riba, asara kuma sai ka ɗora wa mai adashi?

Mu ma masu saye muna da namu sakacin. Mu biya kuɗi, mu sa salula aljihu, mu jefar da kwali a hanya. Daga yau, kafin ka miƙa ko dala, danna *#06#. Lamba 15 za ta fito, ita ce IMEI. Ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, kwalin ba nata ba ne, kar ka saya. Ka gwada kira, kamara, lasifika da sharji nan take. A rubuta maka faktir mai kwanan wata da IMEI da tsawon garanti, don sababbin saluloli irin su Tecno, Itel da Samsung kan zo da garantin kamfani na aƙalla shekara guda. Wanda ya ƙi rubutawa, ya riga ya gaya maka irin kayansa.

In matsala ta taso, kar ka bari kowa ya buɗe ta, buɗewa na kashe garanti. Koma da wuri, da kwali da faktir da shaida. In ya ƙi, akwai shugabannin kasuwa, akwai ofishin ma'aikatar kasuwanci na jiha, akwai ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC Wadata.

Mu dai mun kai maganar gaban shugaban ƴan salula na layin, kuma ba za mu bar ta da “Allah ya isa” kawai ba. Ku ƴan kasuwa na gari, ku tsawata wa na cikinku, sunanku suke ɓatawa. Allah ya sa mu gyara.