Raddi Ga Masu Cewa A Binne Haidurojin Don Wutar Matameye

Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa, hankali ya koma kan ƙananan tashoshin hasken rana masu ciyar da gari guda. Wannan daidai ne. Sai dai wasu masana sun ƙara da cewa a gari irin Matameye a yi amfani da rarar wutar rana a raba ruwa, a fitar da iskar haidurojin, a adana ta ƙarƙashin ƙasa, a mayar da ita lantarki idan buƙata ta taso. Hujjojinsu huɗu ne, kuma babu wadda ta dace da ƙasarmu.

Na farko, sun ce an jarraba an ga amfani. Gaskiya ne ana ajiye haidurojin a Teesside ta Ingila tun 1972, da Clemens Dome ta Amurka tun 1983. Amma waɗannan manyan ramuka ne da aka narkar cikin gishiri mai kauri, ɗaruruwan mitoci a ƙasa, inda iska ba ta samun kafar sulalewa, kuma don masana'antu aka yi su. A yankinmu kuwa, ƙarƙashin birnin Damagaram dutse ne, kwarin Korama kuwa rairayi ne da ruwa kusa, shi ya sa rake yake yi. Gishirin Bilma ma a saman ƙasa ake kwasarsa. Wanda ya ce a binne iska, shi ke da nauyin nuna ramin.

Na biyu, sun ce rarar wutar rana kyauta ce. Ai faifan sola da kuɗi ake sayensa. Wutar da ta zama haidurojin ta sake komawa lantarki, kashi 30 zuwa 40 kawai ke dawowa, batirin litiyam kuwa yana mayar da kusan kashi 85 zuwa 90. Wane manomi ne zai zuba tiya goma a rumbu ya yarda da kwasar huɗu?

Na uku, sun ce batir ba ya riƙe wutar watanni. Haka ne, amma wannan ciwon Turai ne, inda rana ke ƙaranci duk tsawon hunturu. A Matameye yini yana tsakanin awa 11 da 13 duk shekara. Giɓinmu daga magariba ne zuwa asuba: firjin allurar rigakafi, fitilar ɗakin haihuwa, firizar mai sayar da ƙanƙara. Ƙurar hunturu da hadarin Agusta kuwa, ƙarin faifai da goge su da janareton ko-ta-kwana sun ishe su.

Na huɗu, suna kafa hujja da Bourakébougou ta Mali, wadda ta samu lantarki daga haidurojin a 2012. Can iskar halittar Allah ce, masu haƙar rijiya suka ci karo da ita a 1987. Ba wanda ya sarrafa ta ya zuba, don haka ƙiyasin bai yi ba.

Za su ce zafinmu yana kashe batir. Yana rage masa kwana, babu musu. Maganinsa ɗaki mai sanyi, da ware wani abu daga kuɗin wuta don sauyi, da horar da samarin gari. Na'urar raba ruwa ma tana lalacewa, tana buƙatar aƙalla lita 9 na tataccen ruwa kan kowane kilo na haidurojin, kayan gyaranta kuma sai daga ƙetare. Abin da ya kamata mu nema daga kamfanin lantarki NIGELEC da hukumar wutar karkara ANPER shi ne faifai da batura da masu gyara, domin su ne za su hana asibiti kwana cikin duhu tun bana.