KIWON LAFIYA: Ruwan Da Ke Fita Daga Miki, Da Abin Da Ya Ke Gaya Mana

 

Kwanakin baya aka kawo mini wani saurayi ɗan garinmu, wanda ya ke dako a wata babbar kasuwa a nan Ikko. Wani ɓallin langa-langa ne ya yanke shi a ƙwauri sa'ad da ya ke sauke kaya daga mota. Yankan bai kai tsawon yatsa ba, saboda haka ya raina shi. Abokan aikinsa suka shafa masa baƙin mai, da dare kuma ya sayi kafso a kemis ya ɓare, ya barbaɗa garin a kai, ya ɗaure da tsumma, ya koma bakin aikinsa. Ran da na gan shi kwana shida ke nan da yin raunin. Tun kafin a kwance tsumman wari ya cika ɗakin. Ƙafar ta kumbura tana sheƙi, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ga zazzaɓi. Da na tambaye shi yaushe ruwan mikin ya sake kama, sai ya ce tun kwana na uku ya ga ya yi kauri, amma an gaya masa wai dafin ciwon ne ke fita, alamar sauƙi ce. Allah ya sa ƙafar ta tsira, amma sai da ya kwanta asibiti, ya shafe makonni bai ɗauki ko da buhu ɗaya ba, alhali da wannan dakon ne ya ke aika wa iyayensa abin cefane.

Abin da ya sa na kawo labarin nan shi ne, mikin yaron nan ya yi ta ba shi labari tun kwana na uku, amma ba wanda ya taɓa koya masa yadda a ke jin wannan labari. To, shi za mu koya yau, in Allah ya yarda.

Da farko mu gane cewa fata ita ce katangar jiki, kuma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar fata ta tsage, jiki ya kan buɗe ƙananan hanyoyin jini na wurin, ruwa ya tsattsafo ɗauke da abincin gina sabuwar tsoka, da fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta. Don haka kowane rauni ya kan yi ɗan ruwa, da ɗan ja, da ɗan ɗumi, da ɗan kumburi, da zafi a cikin kwana biyu ko uku na farko. Wannan ba abin tsoro ba ne. Tun a ƙarni na farko na Miladiyya wani marubucin ƙasar Rum mai suna Celsus ya lissafta alamun nan huɗu, watau ja, da kumburi, da ɗumi, da raɗaɗi, kuma har gobe da su a ke fara koyar da ɗaliban aikin likita. Abin lura shi ne inda suka dosa. Idan kullum raguwa su ke yi, to, jiki na aikinsa. Idan kuwa bayan kwana uku ƙaruwa su ke yi, to, ƙwayoyin cuta sun fara rinjaye.

Ruwan miki iri huɗu ne a wurin ma'aikatan asibiti. Na farko shi ne ruwa garau, tsararo, mai ɗan sirkin rawaya, irin wanda ke fita idan bororo ya fashe. Wannan ruwan lafiya ne, muddin bai yi yawa ba. Na biyu shi ne jini tsantsa, wanda a kan gani a sabon rauni ko bayan tiyata. Shi ya kamata ya tsaya da wuri. Idan jini ja wur ya ci gaba da jiƙa bandeji, ko ya dawo bayan ya tsaya, a danne wurin da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti. Na uku shi ne gaurayen biyun nan, mai kama da ruwan da aka wanke nama a ciki. Shi ne aka fi gani a kwanakin farko bayan ɗinki, kuma ya kan yi ta washewa yana raguwa har ya ɗauke. Na huɗu shi ne mugunya: ruwa mai kauri, gurɓatacce, fari-fari ko rawaya ko kore ko ƙasa-ƙasa, sau da yawa da wari. Mugunya tarin matattun fararen ƙwayoyin jini ce, da ƙwayoyin cuta, da ruɓaɓɓiyar tsoka. Ganinta na nufin cuta ta shiga mikin.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, kamar yadda aka ruɗe saurayin nan. Amma fa ba mu kaɗai muka taɓa yin wannan kuskure ba. Likitocin Turai kansu sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ɗaukar farar mugunya mai kauri a matsayin alamar warkewa, har suna yabonta. Sai a shekarar 1867 wani likitan tiyata mai suna Joseph Lister, a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, ya bayyana cewa idan aka tsabtace rauni da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, miki na iya warkewa ba tare da ya yi mugunya ba ko kaɗan. Daga nan aikin tiyata ya sake kama a duniya.

Duk sa'ad da za ka kwance bandeji, ka yi wa kanka tambayoyi huɗu. Wane launi ne ruwan? Yaya kaurinsa? Yaya yawansa? Yana da wari? Game da yawa, hanya mai sauƙi ita ce ka dubi bandejin da ka cire: ɗigo ne kawai a tsakiya, ko rabinsa ya jiƙe, ko kuwa ya jiƙe sharkaf har ya ɓata tufafi? Idan jiya sau ɗaya ka sake bandeji, yau kuma sai da ka sake sau uku, to, an sami canji, kuma canjin ne abin kai wa likita. Wanda aka sallamo daga asibiti da 'yar robar da ke zuƙo ruwa daga wurin tiyata, ya riƙa rubuta yawan abin da ya taru kowace rana da launinsa, ya tafi da takardar ran da zai koma. Game da wari kuma, a wanke mikin tukuna kafin a yanke hukunci, domin bandejin da ya kwana ya kan yi ɗan bashi ko da lafiya lau. Warin da ya rage bayan wanki shi ne abin damuwa. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Pseudomonas, wadda ke rina bandeji kore-shuɗi. Wanda ya ga haka, musamman a ƙuna ko tsohon gyambo, kada ya jira gobe.

Bayan ruwa, sai a dubi gefen mikin. Ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo: ka ɗauki biro ka zagaye iyakar inda fata ta yi ja ko ta kumbura. Gobe ka duba. Idan abin ya tsallake layin, cuta tana yaɗuwa. Mu da fatarmu ta ke baƙa, ja ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi tauri, ya riƙa sheƙi. Saboda haka ka sa bayan hannunka a wurin, sa'an nan ka sa a daidai wurin a ɗaya ƙafar ko hannun, ka ji wanne ya fi ɗumi. Ka kuma lura da zogi: ciwon da ya lafa sa'an nan ya dawo yana bugawa kamar zuciya har ya hana barci, sau da yawa mugunya ce ta taru a ciki. Cikin mikin da ke warkewa ja ne mai damshi, da ƙananan gudaje, bakinsa kuma kullum yana matsowa. Wanda ya yi baƙi, ko ya ƙara faɗi, ko ɗinkinsa ya fara buɗewa, ya saki hanya.

Akwai alamun da in an gan su ba a jiran wayewar gari. Su ne zazzaɓi da ya kai digiri 38 ko ya wuce, rawar sanyi, wani layi mai zafi da ya tashi daga mikin ya nufi hammata ko matsematsi, kaluluwa, kumburin da ke hawa cikin 'yan sa'o'i, zafin da ya fi ƙarfin girman raunin, saurin numfashi, ƙarancin fitsari, ko mutum ya fara ruɗewa yana sambatu. Waɗannan na nuna cutar ta bar mikin ta fara bin jiki, kuma idan ta gama da jini tana iya kisa cikin ɗan lokaci. Haka kuma wanda ya ji muƙamuƙinsa na ƙin buɗewa, ko wuyansa na sandarewa bayan ya yi rauni, a gaggauta kai shi asibiti, domin wannan alamar ciwon sarƙe-haƙora ce, watau tetanas.

Waɗansu mutane kuma ko ɗan ƙaramin rauni ba na rainawa ba ne a gare su. Mai ciwon sukari na iya taka ƙusa bai ji ba, domin ciwon ya kan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, kuma mikinsa na iya ruɓewa ba tare da zogi ko zazzaɓi ba. Ya wajaba ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana. Masu ciwon sikila su kan yi gyambo a kusa da idon sawu mai wuyar warkewa. Tsofaffi, da masu fama da rashin abinci mai gina jiki, da mashaya taba, duk mikinsu ya kan yi nawa. Sai kuma matan da aka yi wa tiyatar haihuwa. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a nahiyar Afirka, har kashi 20 cikin 100 na irin waɗannan mata su kan sami cuta a wurin ɗinkin. Maigida da uwar mai jego su taya ta duba wurin kullum har wata guda, domin cutar wurin tiyata ta kan bayyana ne bayan an koma gida.

To, yaya za a tsare miki? Abu na farko wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi da kuma bayan an gama. Kada a raina wannan. A shekarar 1847, a wani asibitin haihuwa na birnin Biyana, likita Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kilorin kafin su duba masu haihuwa. Mutuwar mata a ɗakin ta sauko daga wajen kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu zuwa wajen kashi 2 a watan Yuni.

Abu na biyu, a wanke sabon rauni da ruwa mai yawa, irin wanda a ke iya sha, har ƙasa da tsakuwa su fita sarai. Idan ana shakkar ruwan, a tafasa rabin lita da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a bar shi ya huce. A goga daga tsakiyar mikin zuwa waje, kuma ƙyallen da ya yi shafa ɗaya kada ya koma. Abu na uku, a rufe shi da tsabtataccen bandeji, a sake shi kullum, ko duk sa'ad da ya jiƙe. Mutane da yawa na cewa a bar miki ya sha iska ya bushe. Amma tun 1962 wani masani ɗan Ingila mai suna George Winter ya nuna cewa raunin da aka rufe ya zauna da ɗan damshi ya fi saurin yin sabuwar fata a kan wanda aka bari ya yi ɓawo. Ga kuma ƙuda da ƙura a ƙasarmu.

Game da abin da a ke zubawa a miki kuwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Baƙin mai, da man birki, da ruwan batir, da toka, da ƙasa, da kashin shanu, duk ba su da wuri a kan rauni. Ƙwayar ciwon sarƙe-haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi ta ke zaune, saboda haka mai shafa su da hannunsa ya ke kai ta ciki. Garin kafso kuma ba ya maganin cutar da ta riga ta shiga tsoka, sai dai ya toshe bakin mikin, ya kuma taimaka wa ƙwayoyin cuta su saba da maganin har ya daina cin su. Idan miki na bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, likita ne zai zaɓa, wani lokaci ma sai ya ɗebi mugunyar an auna a ga irin ƙwayar. Kuma inda mugunya ta taru, sai an buɗe an fitar da ita a asibiti, ƙwaya kaɗai ba ta isa ba.

Raunin ƙusa, da cizon mutum, da yanka mai zurfi ko mai buɗaɗɗen baki, duk a kai su asibiti a ranar. Cizon kare a wanke shi da sabulu da ruwa har minti 15, sa'an nan a tafi neman allurar rigakafin ciwon haukan kare. Wanda ya yi rauni mai datti kuma ya wuce shekara 5 rabonsa da allurar tetanas, ko bai san ko an taɓa yi masa ba, ya nemi a yi masa.

Ina roƙon mahauta, da 'yan dako, da makanikai, da manoma, da duk mai sana'a da wuƙa ko ƙarfe, ku ajiye sabulu da bandeji a wurin aikinku, ku kuma karanta wa abokan aikinku wannan bayani. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan ƙuna. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.