Sharhi: A auna bakin mahaifa a ɗakin da ake karɓar maganin Sida

Macen da ke ɗauke da ƙwayar cutar Sida a Maraɗi ko Damagaram, idan tana shan maganin ARV a kan ƙa'ida, tana iya rayuwa shekaru masu yawa, ta haihu lafiya, ta aurar da 'ya'yanta. Amma akwai wata cuta da ke bin irin waɗannan mata a ɓoye, kuma ba kasafai ake yi musu zancenta a wurin karɓar magani ba: sankarar bakin mahaifa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce haɗarin kamuwa da wannan sankara ga mace mai ƙwayar Sida ya ninka na sauran mata sau 6. Ƙwayar HPV ce ke haddasa ta, kuma ta hanyar jima'i ake ɗaukarta. Yawancin mata jikinsu na kawar da ita ba tare da sun ma san sun ɗauka ba. Idan garkuwar jiki ta yi rauni, ƙwayar kan zauna daram, abin da kan ɗauki shekaru 15 zuwa 20 kafin ya zama sankara sai ya zama cikin 5 zuwa 10. Shi ya sa OMS ta ba da shawarar a fara auna waɗannan mata tun suna da shekara 25, alhali sauran mata sai sun kai 30.

Awon bai da wuya. Ungozomar da ta samu horo kan shafa ruwan binegar na likita a bakin mahaifa, ta duba ko wani wuri ya yi fari. Idan ta ga tabon tun bai zama sankara ba, ana ƙona shi da ƙaramar na'ura, mace ta koma gida a ranar. Idan aka makara, sai tiyata ko gashi a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai, inda aka fara gashin a 2021. Daga Damagaram zuwa can kusan kilomita 900 ne, ga kuɗin mota, ga masauki, ga mai jinya. Tun 2007 doka ta ce maganin sankarar mata kyauta ne a Nijar, amma dokar ba ta biyan kuɗin mota.

Matar da ta sha wahalar ɓoye wa kishiya da dangin miji inda take zuwa karɓar magani, da wuya ta sake bin wani layi a wani sashe, ta buɗe sirrinta ga wata baƙuwar fuska. Don haka ya kamata ma'aikatar kiwon lafiya ta kai awon cikin ɗakin da ake ba da ARV, a rana guda, a hannun ma'aikaciyar da matar ta riga ta amince da ita, a kuma rubuta ranar awo na gaba a cikin katinta.

Akwai rabon maza a nan, musamman 'yan ci-rani da ke Abijan, Legas ko Aljeriya. A gidaje da yawa mace ba ta fita likita sai da izinin miji, mijin kuwa yana nesa. Idan ta ce masa tana ganin jini bayan saduwa, ko ruwa mai wari, ko jini bayan ta daina al'ada, amsar da aka saba ita ce "sanyi ne", a turo kuɗin sassaƙe. Watanni na wucewa ana jiƙa-jiƙa. Kiran waya guda daga mijin, ya ce ta tafi a auna ta, ya haɗa da kuɗin kabu-kabu, ya isa ya kai ta gaban ungozoma tun tabon bai fi ƙarfin ƙaramar na'urar ba.