Waiwaye: Superfish, Manhajar da Aka Goge Amma Ba Ta Tafi Ba

A watan Fabrairun 2015 ne asirin ya tonu. Kamfanin Lenovo na ƙasar Sin, wanda a lokacin ya fi kowane kamfani sayar da kwamfuta a duniya, ya daɗe yana fitar da wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka ɗauke da wata manhajar talla mai suna Superfish. Tun daga 2014 ake saka ta a masana'anta. Mutum ya biya kuɗinsa, ya ɗauko kwamfuta sabuwa dal a kwali, ya kunna, ashe baƙuwar ta riga shi shiga.

Aikin Superfish shi ne ta duba hotunan kayan da mutum yake kallo a shafukan sayayya, sannan ta cusa masa tallan makamantansu. Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce takura ce kawai. To amma shafukan banki da na imel suna kulle bayanan da ke wucewa tsakaninsu da mai ziyara, shi ne ma'anar ɗan kwaɗon nan da wasu burauzoci ke nunawa kusa da adireshin shafi. Don ta samu damar leƙawa, sai Superfish ta dasa wata takardar shaida tata a cikin Windows, wadda ta sa burauza ta yarda da ita a matsayin mai tabbatar da sahihancin kowane shafi. Babbar ɓarnar ita ce, mabuɗin wannan takarda iri ɗaya ne a duk kwamfutocin. Wani masanin tsaro, Robert Graham, bai sha wata wahala ba ya zaƙulo kalmar sirrin da ke kare mabuɗin: "komodia", sunan kamfanin da ya ƙera fasahar. Daga ranar, duk ɓarawon da ke kan layin intanet ɗaya da mai irin wannan kwamfuta zai iya kafa shafin banki na bogi, burauza kuma ta nuna kwaɗonta kamar komai lafiya.

Ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta gargaɗi jama'a su cire ta. A nan ne mutane da yawa suka ga abin mamaki: sun goge manhajar daga jerin manhajoji, talla ya daina fitowa, amma takardar shaidar tana nan daram. An sare ciyawa, saiwa na ƙasa. Sai da Lenovo ya fitar da manhajar cirewa ta musamman, Microsoft kuma ya sabunta Windows Defender don ya tumɓuke ta gaba ɗaya. A Satumban 2017 Lenovo ya sasanta da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, ya kuma amince ya biya jihohi 32 dala miliyan 3.5.

A shekarar 2017 ɗin kuma kamfanin tsaro na Check Point ya bayyana wata manhajar mai suna Fireball, ya ce ta kama kwamfutoci fiye da miliyan 250. Ita ba a masana'anta take shiga ba. Maƙale take zuwa a jikin manhajojin kyauta, ta canza shafin farko da injin bincike na burauza, kuma tana da ikon sauko da duk abin da masu ita suka ga dama.

Hanyar Fireball ita ce ta fi shafar mu. Yawancinmu a shagon gyara ake loda mana Windows da Office waɗanda aka fasa, a cika mana kwamfuta da manhajojin da ba mu san asalinsu ba. Filashi ɗaya yana yawo daga shagon buga takardu zuwa ofis zuwa ɗakin ɗalibai, har ya dawo da muguwar manhajar da ke mayar da fayilolin mutum gajerun hanyoyi marasa buɗuwa. In za mu saka sabuwar manhaja kuwa, sai mu yi ta danna "Next" ba tare da karanta abin da muke amincewa da shi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya fasa manhaja mai tsada ya baza ta kyauta, akwai inda yake cin ribarsa.

Wanda kwamfutarsa ta riga ta kamu, kada ya tsaya ga goge abin da ido ya gani. Ya fara da kwafe muhimman fayilolinsa zuwa wani wuri. Ya buɗe jerin manhajoji, ya jera su bisa ranar da aka saka su, ya cire duk wadda ta shigo a lokacin da matsalar ta fara kuma bai san ta ba. Sai ya shiga burauza ya cire ƙarin manhajojin da aka liƙa mata, ya hana shafukan da ba su da amfani aiko masa da sanarwa, sannan ya mayar da saitinta yadda ya zo tun farko.

Idan talla ya dawo bayan an sake kunna kwamfuta, to akwai abin da ke tayar da shi. A duba jerin manhajojin da ke tashi tare da Windows. A duba Task Scheduler, domin a can irin waɗannan manhajoji suke ɓoye umarnin sake saukar da kansu. A duba alamar burauza da ke kan allo, saboda wasu suna ƙara adireshin shafinsu a ƙarshen hanyarta. Bayan haka a tace kwamfutar da AdwCleaner, wadda kamfanin Malwarebytes ke bayarwa kyauta, a kuma sa Microsoft Defender ya yi binciken da yake yi kafin Windows ta gama tashi. Kalmomin sirri na banki da imel kuwa, a canza su daga wata na'ura mai tsabta. In duk an yi wannan abin bai bari ba, a goge komai a sake loda Windows daga shafin Microsoft kansa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke raina wannan matsala. Sai ka ji mutum ya ce ai talla ne kawai, yana rufewa ya ci gaba da aikinsa, alhali a kwamfutar nan yake shiga asusun banki, a nan yake ajiye takardun ofis da hotunan iyalinsa. Superfish ta nuna cewa manhajar da ta iya cusa talla a shafin da mutum ke karantawa, ta iya karanta shafin ma.

Saboda haka a sauko da manhaja daga shafin masu ita kawai. A karanta kowane allo kafin a danna, a cire alamar amincewa daga duk ƙarin da ba a nema ba. Shafin da ya faɗo yana ihun cewa kwamfuta ta kamu, a danna nan ko a kira wata lamba, shi ne tarkon, a rufe shi. A bar Windows ta riƙa sabunta kanta, a tace filashin kowa kafin a buɗe. Kuma ranar da za a karɓo kwamfuta daga shago, sabuwa ce ko gyararriya, a zauna da mai shagon a bi jerin manhajojin ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ya kasa faɗin amfaninta a cire ta tun a gabansa.