Katangar Gidan Yari Ba Don Ɓarawo Kaɗai Aka Yi Ta Ba

Jama'a, duk mai bi ta Kurmawa a birnin Kano ya san gidan yarin nan da aka gina a 1910, dab da gidan Sarki. Ba banza aka ajiye shi nan ba. Fada da kotu da kurkuku suna kallon juna ne don talaka ya ga inda gardama da mahukunta ke kai mutum. A shekarun 1950 'yan NEPU da yawa, har da mata irin su Gambo Sawaba, sun kwana a irin waɗannan gidaje na En'e, ba kuwa don sun yi sata ba.

Ku dubi ginin kansa. Katanga doguwa, ƙofa ɗaya, sakata daga waje. Taga 'yar mitsitsiya can sama, iska ta shiga da ƙyar, ido ba ya fita. Gandiroba yana ganinka, kai ba ka ganin kowa. Mutum ya yi bahaya a bokiti gaban 'yan'uwansa, magidanci mai 'ya'ya da jikoki! Tun kafin a ɗaga masa bulala, ginin ya riga ya gaya masa shi ba kowa ba ne.

A 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yari daga hannun En'e. A 2019 aka yi doka aka sauya musu suna, wai gidajen gyaran hali. To, suna ya sauya, sakatar tana nan daga waje.

Su wa ke ciki? Mafi yawansu jiran shari'a suke yi, alkali bai kama su da laifi ba. Wasu tara ce ta gagare su. A 2023 an biya wa mutum fiye da 4,000 tara aka sake su. Ashe talauci ne ya tsare su. Mai kuɗi ya biya ya koma gida tun ranar, ɗan tireda kuwa ya bar rumfa a kulle, jari ya narke, iyali suka shiga bara.

Mu ra'ayinmu, kada a ƙara gina sabon kurkuku ko ɗaya. Mai jiran shari'a a ba da belinsa. Rigimar bashi da ta kasuwa a kai wa Sarkin Kasuwa da dattawa su sasanta, mai ƙaramin laifi ya biya wanda ya cuta ko ya yi aikin gayya, dokar 2019 ɗin ma ta yarda da hukuncin da ba ɗauri. Gidan da ya zama kango a rufe shi, kuɗin ciyar da shi a kai makaranta da asibiti.